Firintar Kayan Roba: Gyara, Garambawul Ko Kwaskwarima?

A 'yan shekarun nan wata na'ura ta fara shiga ɗakunan matasanmu masu sha'awar ƙere-ƙere, da ɗakunan gwaje-gwaje na wasu jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, wadda aka fi sani da firintar 3D. Girmanta bai wuce na akwatin talabijin irin na da ba. Ana girke ta a kan tebur, a ba ta zane daga kwamfuta, ita kuwa ta mayar da zanen nan ya zama abu na roba wanda za a iya ɗauka a hannu: murfin batirin rimot da ya ɓata, ko mazaunin wayar hannu, ko haƙorin wata na'ura da aka daina sayar da kayan gyaranta, ko siffar ƙashin ɗan Adam don koyar da ɗalibai. Duk wanda ya ga tana aiki a karon farko sai ya riƙe baki. Amma wanda ya zauna da ita wata uku, labarinsa daban ne. Daga wannan ya ce tasa ta daina fitar da roba, sai wancan ya ce tasa taliya take dafa masa maimakon abin da ya zana, kuma kusan dukkansu tambayar da suke ƙarewa da ita ɗaya ce: wane sabon ƙarfe zan saya in ɗaura mata? Wannan tambaya nake so mu tattauna a kanta a wannan fili, domin a ganina riga-malam-masallaci ce. Kuɗi masu yawa suna salwanta wajen sayen maganin cutar da ba a tsaya an gano ta ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, saboda mai karatun da bai taɓa gani ba. Ana sayar da robar ne a siffar zare mai kaurin milimita 1.75, naɗi guda yawanci kilo ɗaya. Wasu haƙoran ƙarfe suna damƙar zaren suna tura shi cikin wani ɗan murhu mai zafin digiri 200 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, ya narke, ya fito ta wani bakin tagulla mai ƙofar milimita 0.4, wanda kanikawa za su kira nozul. Kan na'urar yana kai-komo yana shimfiɗa narkakkiyar robar a kan wani faranti mai ɗumi. Idan ya gama sahu ɗaya sai ya ɗaga da kimanin milimita 0.2 ya ɗora wani. Ke nan abu mai tsayin santimita 10 yana buƙatar sahu 500, kuma kowane sahu ya dogara ne da lafiyar wanda ke ƙarƙashinsa.

Daga wannan bayani mai karatu zai ga cewa sunan da aka laƙaba wa na'urar bai dace da ita ba. Firintar da muka sani ta takarda ce: a danna maɓalli, a ɗauki takarda, idan tawada ta ƙare a sake wata. Wannan kuwa aikinta ya fi kama da na mai ginin tukwane, wadda ke murza yumɓu tana ɗora shi zagaye bisa zagaye har tukunya ta tashi. Da Bahaushe ne ya ƙago ta, da aikatau ɗin "gina" zai jingina mata, ba "buga" ba. Kada a ɗauka wannan tsirfar malaman harshe ce kurum, domin sunan abu shi ke gaya wa mai saye abin da zai sa rai da shi. Wanda ya ji "firinta" yana zaton kayan ofis ya saya, alhali kayan sana'a ne, ɗan'uwan keken ɗinki. Babu telan da zai ga ɗinki yana tsallake ya nufi kasuwa neman sabon kan keke. Zai fara duba allura ko ta lanƙwashe, ya duba zare ko ya yi tsauri, ya share ƙura, ya ɗiga mai. Ya san muryar kekensa, kuma da ta sauya kunnensa zai gaya masa tun kafin idonsa ya gani.

Dalilin da ya sa wannan ɗawainiya ta faɗo a kan mai saye yana cikin tarihin na'urar. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar mallakar wannan dabara a 1989, ya kafa kamfanin Stratasys, kuma tsawon shekara 20 na'urorin sun kasance na manyan masana'antu, farashinsu dubun-dubatar daloli. A 2005 Adrian Bowyer, malami a Jami'ar Bath ta Ingila, ya fara wani shiri mai suna RepRap da nufin ƙera na'urar da za ta iya gina sassan 'yar'uwarta, ya kuma saki zane-zanen kyauta ga duk mai so. Da wa'adin rajistar Crump ya cika a 2009 sai ƙofa ta buɗe. Daga wannan tsatso ne Josef Prusa na Jamhuriyar Cek ya fito da samfurinsa na i3 a 2012, kuma sawun wannan siffa kamfanonin ƙasar Sin suka bi, har kamfanin Creality na birnin Shenzhen ya fito da Ender 3 a 2018 a kan kimanin dala 200. Araha ta samu, amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Abin da aka zabtare daga farashin shi ne aikin daidaitawa da gwaji na masana'anta. Irin waɗannan na'urori sukan zo ne a wargaje cikin kwali, mai saye shi zai haɗa, shi zai ɗaure noti, shi zai tabbatar da cewa ginshiƙai sun miƙe. Mutanen farko da suka yi amfani da su su ne maƙeransu, don haka ba su ga aibin hakan ba. Waɗanda suka zo daga baya sun gaji kayan, amma ba kowa ya gaji haƙurin ba.

Mafi yawan koke-koke daga sahun farko suke farawa. Idan nozul ya yi nisa da faranti, robar ba za ta kama ba, sai ta riƙa bin kan na'urar tana cukurkuɗewa, wannan ita ce taliyar da ake magana. Idan kuma ya matso da yawa, sai ya toshe wa kansa hanya, a ji haƙoran nan suna ƙas-ƙas suna gurzar zare. Tazarar da ake nema ba ta wuce kaurin takardar rubutu ba, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Shi ya sa ake zura takarda tsakanin nozul da faranti a kusurwoyi huɗu, ana juya notin da ke ƙasa har sai an ji takardar tana ɗan ja. A yi wannan lokacin da farantin yake da zafi, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta. Sannan akwai abin da kowa ke rainawa, wato maiƙon hannu. Yatsa guda da aka dafa faranti da shi bayan cin ƙosai ya isa ya hana roba kamawa a wurin. A cire shimfiɗar farantin a wanke ta da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, sau da yawa an gama da matsalar da wani yake shirin sayen sabon faranti dominta.

Matsala ta biyu, wadda ta fi cin kuɗin jama'a, ita ce roba ta riƙa fitowa a tsittsinke, abu ya fito da ramuka kamar soso, ko kuma na'urar ta ci gaba da kai-komo a iska ba ta fitar da komai. Alamar ɗaya ce, amma musabbabanta suna da yawa. Ta yiwu datti ne ya toshe nozul. Ta yiwu zaren ne ya harɗe a kan naɗinsa. Ta yiwu hannun da ke danne zaren a jikin haƙora ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, abin da ya zama ruwan dare a na'urori masu araha da aka yi wa wannan hannu da roba. Ta yiwu kuma ɗan farin bututun da ke rako zaren ne ya ja da baya kaɗan daga jikin nozul, narkakkiyar roba ta taru a giɓin ta daskare. Kowanne daga cikin waɗannan yana da gwajinsa, kuma gwajin farko ba ya buƙatar ko kwabo: a zafafa nozul, a saki hannun da ke danne zare, a tura zaren da yatsa. Idan ya fito a miƙe ba tare da wahala ba, to laifin yana sama wajen turawa. Idan ya ƙi, ko ya fito yana nannaɗewa gefe guda, laifin yana ƙasa wajen narkarwa. Cikin minti biyar an rage rabin abubuwan da ake zargi. Wanda bai yi wannan ba ya tafi ya sayo sabon murhu, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

A nan ne kuma ya kamata mai amfani da na'urar a ƙasar Hausa ya yi hattara da shawarwarin da yake kallo a bidiyo, domin yawancin masu ba da su suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 da ɗoriya ba. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, wadda ake yi daga sitacin masara ko daga rake, tana fara laushi tun daga wajen digiri 60. An tsara na'urar ne yadda zaren zai zauna da taurinsa har ya isa dab da nozul, wata 'yar fanka tana fifita wuyan murhun don kada zafi ya haura sama. To, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano, iskar da fankar nan ke fifitawa da ita ma mai zafi ce. Sai zafi ya haura wuya, zaren ya yi laushi kafin lokacinsa, ya kumbura, ya toshe hanya. Yadda ake gane wannan cuta shi ne aiki ya fara lafiya lau, sai bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya ya tsaya, kuma idan aka sake gwadawa da asuba a ga babu komai. Maganinta iska ce: a buɗe taga, a share ƙurar da ta cushe fankar, a rage zafin faranti, a bar dogon aiki sai dare. Wanda kuwa ya bi shawarar mutanen ƙasashen sanyi ya sayo akwati ya kulle na'urarsa a ciki, ya ƙara wa Barno dawaki ne. Akwatin an yi shi ne don robar ABS, mai tsagewa idan iska ta doke ta, ba don PLA a tsakiyar bazara ba.

Damina ma da tata fitinar. Zaren roba yana shan danshin iska, wani nau'i ya fi wani; nailan ya fi PLA da PETG sha. Zaren da ya sha danshi idan ya shiga wuta ruwan cikinsa yana tafasa, a ji ƙara tas-tas a bakin nozul, abu ya fito da gashi-gashi kamar yanar gizo-gizo, jikinsa ya yi kaushi. Naɗin da ya yi aiki lafiya a watan Janairu shi ne zai ba da kunya a watan Agusta, alhali babu abin da ya taɓa na'urar. Bokiti mai murfi da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, sun isa rigakafi. PLA da ya riga ya sha kuwa sai an busar da shi na sa'a huɗu zuwa shida a zafin da bai wuce digiri 45 zuwa 50 ba. Da hunturu ya kama, danshi ya tafi ƙura ta zo. Tana sauka a kan zaren, shi kuma ya kai ta har cikin ƙofar da ba ta kai rabin milimita ba. Guntun soso da aka tsaga aka maƙala wa zaren kafin ya shiga na'ura, da tsohon zanen gado da ake lulluɓe ta da shi idan ba ta aiki, sun fi duk wani nozul mai tsada amfani a wannan lokaci.

Wani ɗalibi ya taɓa nuna mini jerin abubuwan da ya saya wa tasa cikin wata shida. Ƙorafinsa shi ne gini yakan tashi daidai, sai a tsakiya ya goce gefe guda kamar katangar da aka sauya mata magini. Ya sake allon lantarkin na'urar, ya sake injin da ke jan kan, ya sake bel, ya sake manhajar da ke cikinta, har kuɗin da ya kashe ya haura farashin na'urar kanta. Daga bisani wani mai gyaran keken ɗinki da ke maƙwabtaka da su ya girgiza abin da hannu, ya ce akwai inda ke wasa. Ashe wani ɗan mitsitsin noti ne, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, da ke ɗaure mazaunin bel a jikin sandar injin, ya kwance. Mabuɗin ɗaure shi yana cikin kwalin da na'urar ta zo da shi.

A darasin ilimin tsarin sauti akwai wata dabara da muke koya wa ɗalibai tun da wuri. Idan ana so a tabbatar da cewa sautuka biyu daban suke a harshe, sai a nemo kalmomi biyu da suka yi daidai a komai in ban da wuri ɗaya, kamar "kafa" da "ƙafa". Tunda komai ɗaya ne sai baƙin farko, duk bambancin ma'anar da aka samu an san inda ya fito. Wanda ya kwatanta "kafa" da "ƙofa" bai tabbatar da komai ba, domin ya sauya fiye da abu ɗaya a lokaci guda. Gyaran wannan na'ura haka yake. A sauya abu ɗaya, a gina abu iri ɗaya da na baya, a ajiye su gefe da gefe, a rubuta abin da aka gani. Masu wannan harka a duniya sun ma yi ittifaƙi a kan abin gwaji guda, wani ɗan kwale-kwale mai tsawon santimita 6 da ake kira 3DBenchy, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar a 2015, domin kowane lungu na jikinsa yana tona asirin wani aibi. Mai sauya zafi da sauri da zare da nozul duk a zama ɗaya, ko ya dace abin ya gyaru, bai san me ya gyara shi ba, kuma ranar da ya dawo zai sake farawa daga tushe.

Yanzu mu zo kan sayen sababbin sassa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yan kasuwar waɗannan kaya suna da kalma guda ta Turanci da suke lulluɓe komai da ita, mai ma'anar hawa mataki na gaba, kuma ba banza suka zaɓe ta ba, domin wa zai so a ce ya ƙi ci gaba? Hausa ta fi su tantancewa a wannan wuri. Muna da gyara, wato mayar da abu yadda yake kafin ya lalace. Muna da garambawul, kalmar da ta shigo mana ta bakin kanikawa, wato kwance abu a sake masa tsari don ya iya abin da bai iyawa a da. Muna kuma da kwaskwarima, wadda kowa ya san a fuska take tsayawa. Da mai na'ura zai tilasta wa kansa ya zaɓi ɗaya daga cikin kalmomin nan uku kafin ya biya kuɗin kowane ƙarfe, da rabin odar da ake yi ba a yi ta ba.

Gyara babu gardama a kansa. Nozul na tagulla yana cinyewa, bututu yana ƙonewa, fanka tana mutuwa, hannun roba da ya tsage a maye shi da na ƙarfe a huta. Cikin wannan rukuni zan sa wani abu da ba a ganinsa da ido, kuma shi kaɗai ne zan ce wajibi ne a bincika tun ranar farko. Akwai wata 'yar ƙwaya a jikin murhu da ke gaya wa na'urar yawan zafin da ake ciki. Idan ta zame daga mazauninta, na'urar za ta zaci sanyi ake yi ta ci gaba da hura wuta ba tsayawa. Manhajojin kirki suna da tsarin da ke kashe wutar da zarar lissafi ya ƙi daidaita, amma an sayar da wasu tsofaffin na'urori masu araha ba tare da an kunna wannan tsari ba, kuma an samu gobara a dalilin haka. Wanda ya sayi ta hannu, ko ya gaji tsohuwa, ya tabbatar da wannan kafin ya bar ta tana aiki ya kwanta barci.

Garambawul kuwa sai an tambayi mai shi wane aiki yake son yi wanda na'urar ta kasa. Murhun da babu farin bututu a wuyansa, wanda ake tallarsa da cewa ƙarfe ne zalla, amfaninsa shi ne jure zafin da ya haura digiri 250, inda bututun ke fara lalacewa, kuma mai aiki da nailan ne ke buƙatar haka. Mai aiki da PLA da ya saye shi ya ƙara wa kansa yiwuwar toshewa ne, musamman a yanayi irin namu. Mayar da haƙoran tura zare su koma saman murhu yana taimakon mai aiki da roba mai laushi irin ta tafin takalmi, amma yana ƙara wa kan nauyi, nauyi kuwa yana kawo girgiza. Na'urar auna faranti, wadda ke tattaɓa shi wuri-wuri ta gano tudu da kwari, alheri ce ga wanda farantinsa ya ɗan lanƙwashe, sai dai ba ta ɗaure tayar da ke wasa, ba ta miƙe ginshiƙin da aka haɗa a karkace. Manhajar Klipper tana ƙara sauri sosai, amma tana buƙatar wata ƙaramar kwamfuta ta biyu da makonni na karatu. Abin da zan yaba ba tare da dogon sharaɗi ba a wannan sahu shi ne shimfiɗar ƙarfe mai lanƙwasuwa da ake manna wa faranti da maganaɗisu, domin ta raba mutane da kankare abu da wuƙa, da yankan yatsa da ke biyo baya. Su fitilu masu launi da murafai masu ƙyalli da babban allon taɓawa, wanda yake da rarar kuɗi ya saya, amma ya kira su da sunansu.

A nawa ganin, kuɗin da ya fi amfani ga mai wannan na'ura a Nijeriya ko Nijar ba a jikinta ake kashe shi ba. Gini mai ɗan girma yakan ɗauki sa'a 12 ko 20, kuma kowa ya san ba kullum ake samun wutar lantarki ta yi wannan tsawon ba ta ƙifta ba. Gaskiya ne na'urori da yawa suna iya ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma idan faranti ya huce abin da ake ginawa yakan saki, ko kuma a samu tabo a daidai wurin da aka tsaya wanda daga nan zai karye. Abin farin ciki shi ne ba ta da ci sosai: ƙaramar na'ura mai aiki da PLA takan sha wat 100 zuwa 150 bayan ta gama ɗaukar zafi, ko da yake a farkon kunnawa takan ninka haka. Inbata mai batir, ko sola ga wanda yake da hali, zai ceci robar da ta fi kuɗinsa cikin ɗan lokaci. Haka nan a duba ɗan jan maɓallin da ke jikin akwatin wutar wasu na'urori, mai zaɓi tsakanin 115 da 230. Wutarmu ta 230 ce, kuma wadda aka taho da ita daga Amurka tana kan 115 ba ta buƙatar fiye da daƙiƙa ɗaya ta ƙone.

Akwai masu cewa duk wannan dogon bayani ya zama tsohon yayi, kuma ya kamata a saurare su. Tun daga 2022, lokacin da kamfanin Bambu Lab ya fito da na'urarsa ta farko, kasuwa ta sauya. Na'urorin yanzu suna zuwa kusan a haɗe, suna auna farantinsu da kansu, suna gina ɗan kwale-kwalen nan a ƙasa da minti 20 bayan a da sai an jira fiye da sa'a ɗaya, kuma ana samun wasu a kan dala 200 zuwa 300. Wanda zai kashe dala 150 yana yi wa tsohuwa garambawul, lissafi yana gaya masa ya cika kuɗin ya sayi sabuwa. Ga wanda burinsa shi ne abin da na'ura ke fitarwa, mai sayar da kayan ado ko mai yi wa ɗalibai kayan koyarwa, na yarda da wannan hujja. Na kuma yarda cewa akwai wanda kwancewa da ɗaurawar ita ce nishaɗinsa, kamar mai kiwon tantabara da ba nama yake nema ba. Wannan babu mai ce masa don me, matuƙar ya san abin da yake saya ke nan.

Sai dai sabuwar ma ba ta san hunturu ba, ba ta kuma san bazara ba. Nozul ɗinta zai toshe, zarenta zai sha danshi, wuta za ta ɗauke mata. Wanda bai koyi gano cuta a kan tsohuwa ba, tsugune ba ta ƙare masa ba. Bugu da ƙari, sauƙin yana tafe da wani sharaɗi. Tsofaffin na'urorin da suka fito daga tsatson RepRap an yi su ne da sassan gama-gari, noti da bel da fanka da kowa zai iya maye su da makamantansu. Da yawa daga cikin sababbin sassansu na kamfaninsu ne kaɗai, manhajarsu a kulle take. An ga haka tun 2012, lokacin da kamfanin MakerBot na Amurka, wanda ya taso a cikin masu raba zane kyauta, ya daina sakin zanen sababbin na'urorinsa. An sake ganin haka a watan Janairun 2025, lokacin da Bambu Lab ya ba da sanarwar wani sabon tsari da ya taƙaita yadda manhajojin wasu ke sarrafa na'urorinsa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har kamfanin ya ɗan sassauta. Mutumin Balin ko Landan da ke samun kayan gyara cikin kwana biyu yana iya ɗaukar wannan a matsayin gardamar 'yan boko. Mu kuwa da kayan ke ɗaukar makonni kafin su iso, ga kuɗin dako, ga dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 zuwa fiye da naira 1,500 a 2024, tambayar ko za a iya gyara abu a gida tana gaba da tambayar saurinsa. A 2013 wani ɗan ƙasar Togo mai suna Kodjo Afate Gnikou ya haɗa irin wannan na'ura a birnin Lome daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci. Abin da ya ba shi damar haka shi ne zanen a buɗe yake.

Wannan magana ta fi shafar makarantu da cibiyoyin koyar da sana'a, inda kuɗin jama'a ake kashewa. Abu ne sananne a tsarinmu a ware kuɗin sayen na'ura, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, amma a manta da kuɗin zare da kayan gyara da horar da wanda zai kula da ita. Ranar da nozul ya toshe sai a rubuta cewa ta lalace, a lulluɓe ta, a jira kasafin baɗi. Na'ura biyu masu sauƙin kwancewa da ma'aikaci ɗaya da aka ba shi lokaci da izinin taɓa su sun fi biyar masu tsada da aka kulle a ofishin shugaba. Kuma ba sai an je nesa neman wannan ma'aikaci ba, domin duk yaron da ya iya sauya gilashin wayar hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko ya iya kwance kan keken ɗinki ya mayar, ya riga ya mallaki hannun da aikin ke buƙata.

Wanda yake shirin yin odar ta farko, ya rage wani abu daga kuɗin ya sa a haɗo masa da nozul biyar ko goma, da mita ɗaya na farin bututu idan tasa mai amfani da shi ce, da 'yar fankar wuyan murhu, da hita guda, da ƙwayar auna zafi biyu, da ma'aunin kauri irin na masu walda da kanikawa. Duka ba za su cika aljihun riga ba. Amma ƙwayar auna zafin nan ita kaɗai, idan siririyar wayarta ta tsinke, na'urar ba za ta ƙara ɗaukar zafi ba har sai wata ta iso daga Shenzhen.